Babi na Bakwai: Gajiya Tana da Lokacinta

A yau akasarin tiyatar rage ƙiba ta 'yan ƙananan kafofi ake yin ta, waɗanda likita ke hudawa a fatar ciki ya zura kyamara da kayan aiki. Saboda haka zafin wurin yakan lafa cikin kwanaki kaɗan, kuma da yawan marasa lafiya ana sallamar su bayan kwana ɗaya zuwa uku. Abin da ke bin mutum har gida ya tare da shi, shi ne gajiya. Wanka ya zama aiki, tsayuwar sallah ta yi nauyi, matar da ta saba riƙe hidimar gida guda ta wayi gari ba ta iya gama shara sai ta nemi wurin zama. Idan ta yi ƙorafi, amsar da take samu daga dangi guda ce: "Ki yi haƙuri, ai babban aiki aka yi miki, jiki zai dawo." Akwai gaskiya a wannan magana, amma rabi ce, kuma rabin da aka bari shi ne mai hatsari. Hujjar wannan babi ita ce gajiyar bayan wannan tiyata iri-iri ce, kowace da dalilinta da lokacin zuwanta. Akwai wadda ake jira ta wuce, akwai wadda ake gyarawa da abin da ake ci da sha, akwai wadda gwajin jini kaɗai ke tona asirinta, akwai kuma wadda ke bukatar a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda ya iya rarrabe su ya rage wa kansa wahala, wani lokaci ma ya tsira da ƙwaƙwalwarsa ko da ransa.

Kafin a fahimci gajiyar, sai an san abin da wuƙa ta canza. A shekarun 1960, wani likitan tiyata a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, ya lura cewa waɗanda aka yanke wa wani ɓangare na tumbi saboda gyambon ciki sukan rame su kasa mayar da jiki. Daga nan ya ƙirƙiro tiyatar kewaye tumbi. A yadda ake yin ta yanzu, ana ware 'yar jaka a saman tumbi, wadda cinta bai wuce kimanin mililita 30 ba, wato babban cokali biyu, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake ragowar tumbin da farkon hanjin. Ɗaya tiyatar, wadda ta fi yawa a duniya yanzu, ita ce ta rage faɗin tumbi, inda ake cire kimanin kashi 80 cikin 100 nasa a bar siririn bututu. Abu uku ne ke biyo baya. Abin da ke shiga ciki ya ragu ƙwarai. Ruwan asid da tumbi ke fitarwa ya ragu, tare da wani sinadari na musamman wanda sai da shi hanji ke iya tsotsar bitamin B12. Sannan, a tiyatar kewaye, abinci ya daina bi ta wurin da aka fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Kusan duk gajiyar da za mu tattauna daga ɗayan ukun nan ta samo asali, ko kuma daga tsofaffin magungunan da aka ci gaba da sha bayan jikin da aka rubuta su dominsa ya canza.

Gajiya ta farko, wadda kowa ke fuskanta, ta ƙarancin makamashi ce, kuma akwai kyakkyawar shaida kan abin da ƙarancin abinci ke yi wa lafiyayyen mutum. A shekarun 1944 da 1945, masanin kimiyya Ancel Keys ya gudanar da bincike a Jami'ar Minnesota da samari 36 da suka ba da kansu. An rage musu abinci zuwa kimanin kalori 1,570 a rana har tsawon mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsu, bugun zuciyarsu ya ragu, sanyi ya riƙa kama su har a lokacin zafi, sha'awar hira da motsi ta gushe, kuma makamashin da jikinsu ke ƙonawa a zaune ya faɗi da kimanin kashi 40 cikin 100. Jiki ne ya ga abin da ke shigowa ya yi kaɗan, sai ya rage kashewa. To, wanda aka yi wa tiyata, a makonnin farko da yake kan ruwa-ruwa da markaɗaɗɗen abinci, sau da yawa ba ya samun ko rabin abin da samarin Minnesota suka samu, ga kuma jikinsa na fama da warkar da rauni a cikin ciki. Bambancin dai shi ne yana da ajiyar kitse da zai ɗiba, kuma tiyatar na dakushe yunwa, shi ya sa ba ya shan azabar da suka sha. Amma kasalar ba makawa. Wannan ita ce gajiyar da haƙuri ya dace da ita, kuma alamarta guda ce: tana raguwa. Ba kowace rana ce za ta fi jiya ba, amma idan aka auna mako da mako ana ganin sauƙi, kuma da yawan masu aikin zaune sukan koma bakin aiki cikin mako biyu zuwa huɗu. Gajiyar da ta tsaya cik, ko ta yi sauƙi sannan ta dawo da ƙarfi, ta fita daga wannan rukuni.

A cikin waɗannan makonnin ne kuma wasu dalilai masu saurin gyaruwa ke fakewa a bayan kasalar da aka saba. Na farko ƙarancin ruwa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane asibiti bayan an sallame su. Ana so mutum ya sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, amma tumbin da ya rage ba ya karɓar kwankwaɗa, sai kurɓi-kurɓi, kuma an hana haɗa sha da ci, sai an ba da tazarar kimanin minti 30. Wanda ya jira sai ya ji ƙishirwa ya riga ya makara, balle wanda ke murmurewa a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Fitsari mai duhu, ciwon kai, da jiri idan an miƙe tsaye, su ne masu faɗakarwa. Na biyu magunguna. Sukarin jini yakan fara daidaita cikin kwanaki kaɗan da yin tiyatar, tun kafin a ga ramar kirki, hawan jini ma yakan bi baya. Wanda ya ci gaba da allurar insulin ko ƙwayoyin hawan jini da na sa fitsari a kan tsohon adadi zai iya wuni da sukari ko jini a ƙasa, yana karkarwa da zufa da hajijiya, yana ɗauka raunin tiyata ne. Maganin a nan shi ne aune-aune a gida da komawa wurin likita ya sake lissafi. Mutum ya yanke magani da kansa ma wani hatsarin ne.

Sai gajiyar da ba a kwana da ita. Idan kasala ta zo tare da bugun zuciya da ya wuce 120 a minti ɗaya, ko zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko ciwon ciki mai ƙaruwa, ko ciwon kafaɗar hagu, ko baƙin bayan-gida, to ana tsoron yoyon wurin ɗinki, ko gudan jini a huhu, ko zubar jini ta ciki, kuma kowanne na iya kisa. Akwai kuma wata da ta fi su ɓoyewa. Jiki yana ajiye sinadarai kamar yadda manomi ke ajiye hatsi, sai dai rumbunan ba girmansu ɗaya ba. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta shi ne na bitamin B1, wato tayamin, wanda sai da shi jiki ke mayar da sukari makamashi. Ajiyarsa ba ta wuce kimanin miligiram 30 ba, kuma tana iya ƙarewa cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ke yawan amai bayan tiyata, abinci da ƙwayoyin bitamin ba sa zama masa, zai iya faɗawa cikin cutar ƙwaƙwalwar da likita Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana a 1881: ruɗewa, gani biyu-biyu ko rawar ido, da tangaɗi a tafiya. Akasarin waɗanda ta kama bayan wannan tiyata a watanni shida na farko ta kama su, kuma kusan duka da amai suka fara. A wurarenmu, inda duk wanda ya galabaita abin da ake fara nema masa shi ne ƙarin ruwa, wajibi ne a san cewa ruwan da ke ɗauke da gulukos yana cinye ɗan tayamin ɗin da ya rage, ya gaggauta cutar. Duk wanda za a sa wa ruwa ya faɗi irin tiyatar da aka yi masa, a fara ba shi tayamin ta jijiya.

Daga wata na biyu zuwa na shida, lokacin da nauyi ke zuba da sauri, batun ya koma kan tsoka. Ba kitse kaɗai jiki ke zubarwa ba, wani kaso na abin da ke tafiya tsoka ce, kuma mafi yawan wannan asara a watannin farko take aukuwa. Ƙa'idojin likitocin fannin a Amurka sun ce kada furotin ya gaza giram 60 a rana. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, kofin madara kimanin giram 8, giram 100 na dafaffen kifi kuma sama da giram 20. Wanda cikinsa ke cika da 'yan lomomi ba zai kai 60 ba sai ya fara da furotin a kowane ci. A nan ne abincin jinya da muka gada ke gazawa. Kunu da koko da tuwo mai laushi suna wucewa cikin sauƙi, amma akasarinsu sitaci ne, su cika wurin da ƙwai, kifi, kindirmo marar sukari, alale ko dafaffiyar awara ya kamata su shiga. Masu dubiya kuma, cikin ƙauna, sukan zo da lemon kwalba da fura mai sukari, su ga rama su tsorata, su ce "daure ki ƙara, ciwo ba ya tafiya sai da abinci." Kayan zaƙi, musamman bayan tiyatar kewaye, suna zubowa cikin hanji gaba ɗaya, su jawo faɗuwar gaba da zufa da jiri cikin rabin awa, ko kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jini ya faɗi mutum ya zube. Wanda ya lura gajiyarsa na zuwa ne bayan cin abinci, ya duba abin da ke cikin kwanon kafin komai.

Za a iya cewa, in dai jiki a ƙarancin makamashi yake, ai hankali shi ne a kwanta a adana ɗan abin da ke akwai, me ya sa likitoci ke matsa wa mutum ya tashi ya taka tun ranar da aka yi aikin? Tambayar tana da ma'ana, kuma gaskiya ne cewa ana bukatar isasshen barci, da taƙaita masu dubiya, da guje wa ɗaukar kaya masu nauyi na wasu makonni. Amma doguwar kwanciya ba ta adana ƙarfi. Tsokar da ba a motsa ta ita jiki ke fara sadaukarwa idan yana neman furotin, kuma zama wuri ɗaya yana ƙara yiwuwar daskarewar jini a ƙafa, wanda shi ke ɓallewa ya tafi huhu. Wanda ya kwanta saboda gajiya zai tashi da tsokar da ta fi ta da rauni, aikin da ya gajiyar da shi jiya ya fi gajiyar da shi gobe. Abin da ake nema tafiya ce ta minti biyar ko goma sau da yawa a rana, ana ƙarawa sannu a hankali, sannan idan likita ya ba da izini a shigo da atisayen ƙarfafa tsoka. Ma'aunin mai sauƙi ne: motsin da mutum ya farfaɗo daga gare shi bayan ɗan hutu ya yi daidai, wanda ya kwantar da shi wuni guda ya yi yawa.

Gajiyar da ta fi yaudara ita ce ta nesa, wadda ke zuwa bayan shekara ɗaya ko biyu ko fiye, lokacin da kowa ya manta da tiyatar. Rumbun bitamin B12 a hanta babba ne, yana iya ɗaukar mutum 'yan shekaru, saboda haka ƙarancinsa ba ya bayyana da wuri. Idan ya bayyana, yakan zo da kasala, mantuwa, da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa, kuma lahanin jijiya idan ya daɗe ba lallai ya warke duka ba. Sinadarin ƙarfe ma a hankali yake ƙarewa, kuma mata masu jinin al'ada ne a gaba wajen hatsari. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, wanda ke nufin da yawa da ƙaramar ajiya suke shiga tiyatar tun farko. Shayi a kan abinci yana rage tsotsar ƙarfe, ƙwayar kalsiyam ma haka, shi ya sa ake raba su da tazarar awa biyu. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saya a kemis don a kashe gajiya, suna iya buɗe gyambo a wurin ɗinkin ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Mai cewa "ai yanzu ina cin nama da hanta, me zan yi da ƙwayoyi har ƙarshen rayuwa?" ya tuna cewa matsalar ba a kwano take ba, a hanyar tsotsa take, kuma tiyatar ta canza wannan hanya dindindin. Dalilin ke nan da ya sa ƙa'idojin Birtaniya suka tanadi allurar B12 duk wata uku. Maganin ƙarin jini na kwalba ba ya maye gurbin wannan, kuma idan yana da sinadarin folik yana iya gyara lambar jini a takarda alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

Wani zai ce wannan hanya za ta mayar da kowace hamma abin tsoro, ta jefa mutane cikin gwaje-gwaje masu tsada. Amsar ita ce jadawali ne ke kawar da tsoro. Abin da ƙwararru suka tsara shi ne gwajin jini a wata na 3, na 6 da na 12, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara har abada: yawan jini, feritin mai nuna ajiyar ƙarfe, B12, folik, bitamin D, kalsiyam, da aikin hanta da ƙoda. Kuɗin wannan kaɗan ne idan aka kwatanta da na tiyatar kanta. Matsalar ta fi tsanani ga waɗanda ke zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai a yi musu aikin, su dawo bayan 'yan kwanaki ba tare da likitan da zai bibiye su ba. Idan kasala ta zo, sai a fassara ta da maleriya da taifot, a sha magani, a sake sha. A gwada maleriya, domin tana nan kuma tana ƙara cinye jini, amma kada bincike ya tsaya a kanta. Duk wanda zai dawo daga irin wannan tafiya ya taho da rahoton da ya bayyana irin aikin da aka yi masa da jerin bitamin ɗin da zai riƙa sha, kuma ya samu likita a gida tun kafin ya tafi.

Idan gwajin jini ya fito lafiya amma gajiyar na nan, akwai sauran ƙofofi. Masu ƙiba da yawa suna fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, mai zuwa da minshari mai ƙarfi, kuma ba ta tafiya a mako guda. Wanda ke amfani da na'urar taimakon numfashi kada ya ajiye ta sai an sake gwada shi. Akwai kuma ciwon damuwa. Mutumin da abinci ya kasance mafakarsa a lokacin ɓacin rai ya rasa wannan mafaka dare ɗaya, zaman cin abinci da iyali ya zama abin takura, kuma magungunan damuwa da yake sha ba lallai su riƙa tsotsuwa kamar da ba. Gajiyar da ta zo da rashin jin daɗin komai, da guje wa mutane, da tunanin cewa rayuwa ba ta da amfani, ciwo ce da ke da magani, kuma faɗinta ga likita ba raunin imani ba ne. Haka batun azumi. Wanda ke kurɓar ruwa tun safe har dare kafin ya cika adadinsa zai sha wuya ya haɗa hakan tsakanin buɗa-baki da sahur. Likitocin fannin kan ba da shawarar a jinkirta azumi na watanni da dama bayan tiyata, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya.

Suka mafi ƙarfi ita ce: in dai wannan ne farashin, ashe tiyatar ba ta cancanci a yi ta ba. Shaidar da ake da ita ba ta goyi bayan haka ba ga wanda ƙiba ta riga ta zame wa cuta. A Suwidin, tun daga 1987 aka fara bibiyar mutane sama da 4,000 masu ƙiba mai tsanani, kusan rabinsu an yi musu tiyata, sauran sun ci gaba da kulawar da aka saba. Sakamakon da aka wallafa a 2007 ya nuna hatsarin mutuwa ya ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa aikin, na 2020 kuma ya nuna sun fi takwarorinsu tsawon rai da kimanin shekara uku. Amma a lura da inda aka samu wannan riba. An same ta ne a wurin da ake kiran marasa lafiya su dawo, a auna su, a gwada jininsu na tsawon shekaru. Ba daidai ba ne a ɗauko alƙaluman Suwidin a yi wa mutum alkawari da su, sannan a cire bibiyar da aka same su a cikinta.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa nauyin. Wanda aka yi wa aikin ya riƙa yi wa gajiyarsa tambaya uku: yaushe ta fara, raguwa take yi ko ƙaruwa, kuma da me take tafe, amai, jiri, bugun zuciya, mutuwar ƙafa ko ɓacin rai? Amsoshin, idan an rubuta su tare da abin da ake ci da sha a kullum, su ne abin da likita ya fi bukata. Iyali su san cewa taimakonsu yana cikin ajiye ruwa kusa, dafa abin da ke da furotin, rage hayaniyar dubiya, da gaggauta kai mutum asibiti idan alamun hatsari sun bayyana. Likita ko asibitin da ya karɓi kuɗin tiyata kuma bai gama aikinsa ba sai ya faɗa wa marar lafiya, dalla-dalla kuma a rubuce, abin da zai biyo baya. Duk mai shirin wannan tiyata ya sa kuɗin bitamin da gwajin jini na shekaru cikin lissafinsa tun daga farko, domin suna cikin tiyatar kamar yadda ɗinki yake cikinta. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, ya faɗa wa likita tun kafin a sa ranar aiki, a duba irin tiyatar da ta fi dacewa da halinsa ko wata hanyar magani daban.